Layin Taswira Shaida Ne, a Riƙa Tambayar Salsalarsa

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a bakin ma'aikatun filaye da kamfanonin da ke yi musu kwangila: wai an kammala mayar da taswirori cikin kwamfuta. Akan faɗe ta gaban manema labarai, a tafa, a watse. Da wuya a sami wanda zai tambayi abin da aka mayar ɗin, da hanyar da aka bi, da wanda ya duba aikin kafin a sa masa hannu. Tambayar kuwa ta wuce ma'aikatan safiyo. Ta shafi lauyan da zai tsaya wa mai fili a kotu, da ma'aikacin bankin da zai karɓi takardar fili a matsayin jingina, da injiniyan da zai fitar da hanya, da jami'in lafiyar da zai raba ma'aikatansa unguwa-unguwa.

Matsayina a kan wannan batu ɗaya ne. Duk layin da aka ciro daga hoto aka shigar cikin rumbun bayanai, shaida ce wani ya bayar a kan ƙasar wani. Alƙali ba ya karɓar shaida sai ya ji inda mai shaidar ya tsaya, da ranar da ya ga abin, da ko idonsa na gani sosai. Mu kuwa muna karɓar layin kwamfuta ba tambaya, don kawai ya fito tsaf a kan allo. Wannan sakaci ne, kuma talakan da bai san ma ofishin da aka ja layin ba shi zai ɗanɗana kuɗarsa.

## Hoto daban, bayani daban

Taswira tana zama cikin kwamfuta ta ɗayan siffofi biyu. Ta farko ita ce rasta, wato hoto. In aka ɗora tsohuwar taswira a kan sikana, ko tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoton gari daga sama, abin da ake samu miliyoyin ƙananan ƙwayoyi ne a jere kamar saƙar tabarma, kowace ƙwaya da lambar launinta. Idon mutum ne ke haɗa su ya ce ga hanya, ga kogi. Iyakar sanin kwamfuta shi ne ƙwaya kaza baƙa ce, ta kusa da ita fara.

Siffa ta biyu ita ce bekta. A nan kowane abu yana tsaye da kansa: rijiya ɗigo ce, hanya layi ce, fili kuma rufaffen kewaye ne. Kowannensu yana ɗauke da lambobin da ke nuna mazauninsa a doron ƙasa, haɗe da bayanansa, kamar suna da lambar fayil da ranar awo. Da bekta ake tambayar kwamfuta faɗin gonar wane, ko filaye nawa sabuwar hanya za ta ci, ko ƙauyuka nawa ne tsakaninsu da asibiti ya fi kilomita 5. Hoto ba zai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ofishin da ya yi sikanin taswirorinsa ya adana ya yi aikin alheri, domin ya tserar da su daga gara da yoyon rufi da gobara. Sai dai abin da ke hannunsa hoton taswira ne, kama da wane kuwa ba wane ba ce. Kafin hoto ya zama bekta akwai matakai biyu, kuma ta nan ɓarna take shigowa: ɗaure hoton a mazauninsa na gaskiya a doron ƙasa, sannan bin abubuwan da ke cikinsa da zane.

## Turaku

Hoton da ya fito daga sikana bai san inda yake a duniya ba, sai an kafa masa turaku. Ana zaɓar wuraren da ake ganewa a hoton, waɗanda kuma aka san ainihin lambobinsu a ƙasa, kamar mahaɗar layukan awo da aka buga a jikin taswirar, ko mararrabar hanya, ko gada, ko simintin iyaka da 'yan safiyo suka kafa. Manhaja irin QGIS ko ArcGIS sai ta ja hoton, ta juya shi, ta miƙar da shi, har turakun su zauna a wurarensu. Daga nan ta fitar da wata lamba mai nuna matsakaicin kuskuren da ya saura.

Wannan lambar ake kai wa darakta, kuma babu abin da ya fi ta sauƙin ha'inci. Lissafin da aka fi amfani da shi yana bukatar turaku 3 kacal, na sama da shi 6. In aka ba manhaja daidai adadin da take bukata ba ƙari, kuskuren da za ta nuna sifiri ne, ko da turakun duka a karkace suke, domin ba a bar mata wani turke na daban da za ta gwada amsarta da shi ba. Tamkar ɗalibi ne ya tsara tambayoyin jarrabawa, ya amsa, ya ba kansa maki. Wata dabarar kuma ita ce a yi ta goge turakun da suka ƙi daidaita har lambar ta yi kyau, alhali mai yiwuwa su ne ke faɗin gaskiya. Rahoton da ya zo da kuskure sifiri abin tuhuma ne tun daga shafinsa na farko.

Sai maganar tushen awo. Duniya ba ta yi zagayen ƙwallo sosai ba, saboda haka kowane tsarin awo yana da siffar da ya ƙaddara mata da wurin da ya kafa mafarinsa. Tsofaffin taswirori da takardun safiyo na Najeriya an gina su ne a kan tushen Minna, bisa siffar duniya ta Clarke ta 1880. GPS ɗin da ke wayarka da yawancin hotunan tauraron ɗan'adam na yau kuwa a kan WGS 84 suke. Lambobi iri ɗaya a tsarin nan biyu wurare biyu suke nufi, kuma a arewacin Najeriya tazarar tana kai kimanin mita 80, akasarinta tsakanin gabas da yamma. Fulotin da aka saba yankawa mai ƙafa 50 a 100, faɗinsa mita 15 ne da 'yan kai. Ma'aikacin da bai faɗa wa manhaja tushen da taswira take kai ba ya ɗauki unguwa sukutum ya matsar da ita faɗin fuloti biyar, kwamfuta kuma ba za ta ce masa kanzil ba. Haka lamarin yake a Nijar, inda taswirorin da Faransa ta bari sun girmi WGS 84 da shekaru masu yawa.

Akwai kuma hanyar shimfiɗa duniya a kan takarda. Najeriya tana da tsarinta mai ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, ga kuma tsarin UTM da ya sa Sakkwato a shiyya ta 31, Kano a ta 32, Maiduguri a ta 33. Kuskuren shiyya yakan jefa gari ɗaruruwan kilomita, don haka nan take ake gane shi a gyara. Na mita 80 shi ne mugu, domin yana kama da gaskiya. A kan wannan sai a ƙara halin takarda kanta: tana motsewa da hunturu, ta saki da damina, ta karye a wurin ninki. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, motsewar milimita ɗaya mita 50 ce a ƙasa.

## Kaurin layi

Mu ƙaddara an ɗaure hoton daidai. Har yanzu da sauran magana, domin taswira ba ta faɗin abin da ya wuce ma'auninta. A taswirorin 1:50,000 da aka zana wa sassan Najeriya daga hotunan jirgin sama, akasari a shekarun 1950 da 1960, santimita ɗaya tana wakiltar mita 500. Layin da kaurinsa rabin milimita ne ya rufe mita 25 na ƙasa. Masu zanen kuma da gangan suke sauƙaƙa abubuwa: sukan miƙar da ƙananan lanƙwasar rafi, in kuma hanya da layin dogo suka jera sukan ɗan raba su don a iya karantawa. Mai riƙe da takardar yana ganin kaurin layin, yana ganin shekarar da aka buga a gefe, ya san iyakar abin da zai dogara da shi.

Layin bekta ba shi da kauri. Ko sau dubu aka faɗaɗa shi a allo, siriri yake kamar zare. Lambobinsa kuma sukan fito da gurbi shida bayan ɗigo, gurbi na shida kuwa a ma'aunin digiri kimanin santimita 11 yake nufi. Layin da ya taso da shakkar mita 25 sai ya wayi gari yana iƙirarin sanin ƙasa har zuwa tsawon ɗan yatsa. Babu wanda ya shirya ƙarya a nan, amma ƙaryar ta auku, kuma ita za a buga a takarda a kai kotu.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin zance ne na masu zane. A 1987 Nijar da Burkina Faso sun amince cewa iyakarsu ita ce wadda wata dokar mulkin mallakar Faransa ta 1927 ta bayyana, inda kuma bayanin dokar ya gaza a bi layin da ke kan taswirar 1960 mai ma'aunin 1:200,000 ta hukumar taswirori ta Faransa. Duk da haka sai da maganar ta kai Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci a ranar 16 ga Afrilu, 2013. A kan wannan taswira rabin milimita mita 100 ne, kuma a cikin mita 100 ana samun rijiya da gona da rugar mutane. A lura da jerin da ƙasashen biyu suka bi: rubutaccen bayani ne a gaba, taswira a baya. Ƙa'idar ke nan da ta dace da fayil ɗin fili. Inda ɗan safiyo ya bar lambobin simintin iyaka da tsawon kowane gefe, su ya kamata a shigar. Bin hoton zanensa da linzamin kwamfuta alhali ga lambobin a cikin fayil lalaci ne tsantsa.

## Abin da na'ura take gani

Za a ce ai yanzu na'ura ke yin zanen. Gaskiya ne akwai manhajojin da ke bin tsakiyar layi da kansu, akwai kuma irin kayan aikin GDAL da ke tattara ƙwayoyi masu launi ɗaya su mai da su kewaye. A kan taswira mai tsabta suna rage wahala ƙwarai. Tsohuwar takardar ofis kuwa tana ɗauke da hatimi da rubutun hannu da alamar ninki da tabon ruwa, na'ura kuma duk zane take ɗaukarsu. Sunan garin da aka rubuta a kan kogi yakan yanke kogin biyu. Layin iyaka mai tsinke-tsinke yakan fito guntaye ɗari. Gefen fili yakan kasa rufewa, ko ya hau kan na maƙwabci. A allo wannan hawan ɗan siririn yanki ne da ido ba ya kamawa, a ƙasa kuwa takardun mallaka biyu ne a kan wuri guda.

Matsalar ta tsufa. A shekarun 1960, lokacin da Roger Tomlinson da abokan aikinsa suka gina tsarin bayanan ƙasa na Kanada, wanda ake ɗauka na farko a irinsa, sai da mutane suka sake zana iyakoki da hannu a kan tsabtataccen faifai kafin a ɗora wa sikana. Tun ranar farko na'ura tana jiran mutum ya tace mata abin da za ta karanta.

Ƙirƙirarriyar basira ta matsar da aikin gaba sosai. A 2021 Google ya fitar da kewayen gine-gine kimanin miliyan 516 a Afirka, waɗanda na'ura ta ciro daga hotunan tauraron ɗan'adam. Aiki ne da hannu ba zai gama ba a shekaru masu yawa, kuma masu shi sun yi adalci, domin kowane kewaye sun haɗa shi da makin da ke nuna gwargwadon tabbacin na'urar. Amma daga sama rufi ake gani, ba a ganin harsashi. Soron ƙasa launinsa ɗaya da tsakar gida. A tsohon birni, inda katanga ke jingine da katanga, hoto ba ya nuna inda gidan wane ya ƙare na wane ya fara. Kewayen kuma ba ya zuwa da suna ko mai shi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wuraren da babu gini. Maƙabarta da filin idi da burtali da saurar da manomi ya bari ta huta da makiyayar da aka keɓe ƙarƙashin dokar Jihar Arewa ta 1965, duka fili ne fayau a idon na'ura. Hoton da aka ɗauka a watan Maris zai nuna kududdufi a bushe da fadama kamar tudu, ruwan Agusta kuwa bai manta hanyarsa ba. A rumbun bayanai abin da ba a zana ba babu shi, filin da babu kowa a kai kuma na rabo ne. Ta haka ake yanka fuloti a hanyar ruwa, a toshe hanyar shanu, sannan a dawo ana mamakin ambaliya da rikicin manoma da makiyaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai unguwa da dagaci da arɗo da sarkin noma suna riƙe da bayanan da babu tauraron da zai ɗauko su.

## Darasin yaƙi da shan-inna

Muna da misali a gida na yadda ake yin aikin da kyau. Da can masu rigakafin shan-inna a jihohin Arewa suna aiki ne da taswirorin da aka zana da hannu a matakin mazaɓa, kuma ƙananan ƙauyuka da rugage, musamman na kan iyakar mazaɓu biyu, sukan faɗo a tsakani, kowane ɓangare yana zaton na ɗayan ne. Daga wajen 2012 aka fara ciro matsugunai daga hotunan tauraron ɗan'adam, aikin da ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta taka rawa a cikinsa. Ba a tsaya a allo ba. An tura mutane da wayoyi masu GPS suka taka har wuraren, suka tambayi sunayensu daga bakin mazauna, sannan masu rigakafin suka riƙa ɗaukar wayoyin da ke nuna inda suka kai da inda suka tsallake. Hoto ya nuna akwai mutane a can, ƙafa ta tabbatar da ko su wane ne. A watan Agusta na 2020 aka ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Abubuwa da yawa ne suka haɗu suka kawo nasarar, taswirar da aka gwada a ƙasa tana cikinsu. In an iya yin haka don ɗigon magani, ba ni ganin dalilin da zai hana a yi don gonar gado.

## Hujjar masu gaggawa

Masu gaggawa suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Sun ce tsarin takarda ya fi muni: fayil yakan ɓace, wani yakan ɓoye shi sai an ba shi na goro, fili ɗaya akan sayar wa mutum uku. Wannan gaskiya ce, kuma don maganinta aka kafa hukumomi irin AGIS a Abuja a 2003, da KADGIS a Kaduna a 2015, da KANGIS a Kano. Manufar daidai take. Hasali ma ita ce ta sa maganar inganci ta zama wajibi. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, abin da rumbun bayanai ya fitar kuma shi ake kai masa ya sa hannu. Kuskuren takarda yakan tsaya a fayil ɗaya. Kuskuren tushen awo yana bin kowane fili da ke kan taswirar, a lokaci guda, da hatimin hukuma.

Sun ce kuma duba aiki a ƙasa yana cin kuɗi da lokaci. Yana ci. Amma ba kowane fili ake cewa a sake aunawa ba. Ana zaɓar samfuri ne, a tura ɗan safiyon da ba shi da hannu a kwangilar ya auna wasu wurare, a gwada da abin da aka zana. Kuɗin wannan bai kai na shari'a guda da ta shekara goma a kotu ba, balle na rushe gidaje da biyan diyya. Abin da ke sa aikin ya lalace shi ne yadda ake tsara biyan kuɗi. Muddin da yawan takardun da aka gama ko yawan filayen da aka zana ake biyan ɗan kwangila, sauri aka saya, kuma sauri za a samu.

Hujja ta uku ita ce a shigar yanzu, a gyara daga baya. Wannan ita ce mafi rauni. Da zarar layi ya shiga, banki zai ba da bashi a kansa, magini zai ɗora katanga, magada za su raba. Takardar asali kuma, tunda an ce an gama da ita, sai a jibge ta a ɗakin ajiya inda gara ke jira. Ranar da za a zo gyara, babu abin da za a gwada da shi. Tun ran gini ran zane.

## Abin da ya kamata a nema

Kowane layi ya shigo da salsalarsa a rubuce a jikinsa: takardar ko hoton da aka ciro shi, shekararta da ma'auninta, tushen awon da take kai da hanyar da aka bi aka juya shi, yawan turakun da aka kafa, kuskuren da aka samu a wuraren gwaji da ba sa cikin turakun, wanda ya zana, wanda ya duba, da ko an taka ƙasa an gani. Manhajojin yau duka suna da gurbin ajiye wannan. Layin da aka ciro daga taswirar 1:50,000 a yi masa alama cewa na tsare-tsare ne, kada ya shiga takardar mallaka. A adana takardun asali da hotunansu. A rataya kason ƙarshe na kuɗin kwangila a kan sakamakon awon samfuri. Kafin a rufe aikin kowace unguwa kuma, a buga taswirar a kafe ta a ƙofar mai unguwa na wasu makonni, jama'a su zo su nuna maƙabartarsu da burtalinsu da hanyar ruwansu.

Kai kuma mai karatu, ko lauya ne kai ko ma'aikacin banki ko darakta, ranar da aka miƙo maka takarda mai jerin lambobi da zane mai kyau, kada kwarjinin kwamfuta ya hana ka magana. Tambayi mai takardar daga ina layin ya fito, a kan wane tushen awo yake, kuma wa ya je wurin ya gani. Wanda ya yi aikinsa da gaskiya zai amsa maka nan take, har ya ji daɗin an tambaya. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ka mayar masa da takardarsa ba tare da sa hannunka ba.